Bill Robinson: gwanin rawa a cikin rigar bara

A farkon shekarar 1935 kamfanin Fox ya saki wani fim mai suna The Little Colonel, labarin wata 'yar yarinya da ta sasanta uwarta da kakanta, wani tsohon kanar mai taurin kai a jihar Kentucky. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, da tuni ma an manta da shi in ba don wata fitowa ta 'yan mintoci ba. Yarinyar ta ƙi tafiya barci, sai babban baran gidan ya ce zai nuna mata sabuwar hanyar hawa bene. Ya hau matakala yana rawa, ya sauko yana rawa, kowane taku da irin ƙararsa, daga nan ta kama hannunsa suka hau tare. Yarinyar ita ce Shirley Temple, shekarunta 6. Baran kuwa Bill Robinson ne, wanda ake yi wa laƙabi da Bojangles, yana da shekara 56 a duniya. Masana tarihin fim suna lissafa wannan a matsayin karo na farko da baƙar fata da farar fata suka yi rawa hannu cikin hannu a fim ɗin Hollywood.

Tun daga lokacin baƙaƙen fatan Amurka ba su daina ja-in-ja a kan mutumin nan ba. Wasu suna ganinsa jarumi da ya fasa ƙofar da aka garƙame. Wasu kuma suna ganinsa wanda ya sayar da mutuncin jama'arsa, ya yi ta washe baki a gaban Turawa yana fitowa a matsayin bara ko bawa mai biyayya. A ganina ɓangarorin biyu fuskarsa suke kallo, alhali amsar tana cikin kasuwar da ya yi sana'a a cikinta: wa ke da gidajen wasa, wa ke sayen tikiti, wa ke riƙe da almakashin tace fim. Sai an san waɗannan za a gane dalilin da ya sa baƙar fatan da ya fi kowa albashi a harkar nishaɗi ta zamaninsa, mai rawar da ba wanda ya iya ta kamarsa, bai samu abokiyar rawa a Hollywood ba sai 'yar shekara shida.

Ita kanta rawar, wadda Amurkawa ke kira tap, wato rawar buga ƙafa da mai yin ta yake zama shi ne makaɗin kansa, haifaffiyar cuɗanya ce. A 1739 wasu bayi, yawancinsu daga yankin Kongo, suka yi bore a bakin kogin Stono a Karolina ta Kudu, suna tafe suna kaɗa ganguna don kiran 'yan'uwansu. Shekara ɗaya bayan haka, dokar 1740 ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho da duk abin kiɗa mai ƙara. Masana da dama suna ganin irin wannan hani ya ƙara tura kiɗan zuwa jiki, zuwa tafi da bugun cinya da ƙirji da taka ƙasa. A ɗaya gefen kuma akwai talakawan Ayalan da na Ingila da suka yi ƙaura zuwa Amurka da rawarsu ta takalmin katako, jiki a miƙe, ƙafafu kaɗai ke aiki. A unguwannin matalauta irin su Five Points a birnin Niyok mutanen nan suka zauna gida ɗaya, suna gasa suna satar salon juna. A shekarun 1840 wani saurayi baƙar fata, William Henry Lane, wanda aka fi sani da Master Juba, ya yi ta kayar da gwanin Ayalan John Diamond a gasar rawa, har ya kai Landan a 1848.

Amma hanyar da rawar ta bi ta hau dandamali ƙazamar hanya ce. Nishaɗin da ya fi kasuwa a Amurka a ƙarni na 19 shi ne wasan da Turawa ke shafe fuska da baƙi, su zana ƙaton leɓe, su kwaikwayi bawa a matsayin wawa mai raha da lalaci. Da baƙaƙen fata suka fara samun shiga sana'ar bayan yaƙin basasa, su ma sai aka ce su shafa baƙin a kan baƙinsu, domin 'yan kallo sun saba da zanen, ba da mutumin ba. Bert Williams, ɗan barkwancin da ya fi kowa basira a farkon ƙarni na 20, da shafaffiyar fuska ya yi sana'arsa har ya mutu.

Cikin wannan duniyar aka haifi Robinson ranar 25 ga Mayu, 1878, a birnin Richmond na jihar Virginia, garin da ya kasance hedkwatar 'yan awaren Kudu masu kare bauta. Shekara 13 ke nan da soke bautar, shekara ɗaya kuma da janye sojojin tarayya daga Kudu, abin da ya bar baƙaƙen fata a hannun tsofaffin iyayengijinsu. Iyayensa sun mutu yana ƙarami, kakarsa Bedelia wadda ta taɓa zama baiwa ita ta riƙe shi. Sunansa na yanka Luther, ya ƙwace sunan ƙanensa Bill ya bar masa nasa. Boko bai yi wani nisa ba. A bakin titi da ƙofar mashaya ya fara rawa ana jefa masa kwabbai, kafin ya shiga ayarin yaran da mawaƙa Turawa ke jerawa a bayansu don su rufe musu wasa da tsalle-tsalle. Yana dab da cika shekara 18 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Plessy da Ferguson na 1896, wanda ya halatta raba jinsi a jirgin ƙasa, daga nan kuma a makaranta da otal da gidan wasa. Kusan duk rayuwarsa ta sana'a a ƙarƙashin wannan hukunci ya yi ta, bai ga ranar da aka fara rushe shi ba.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce vaudeville, wasan dandamali na gaurayen kaya: mawaƙi ya fito, ɗan dabo ya biyo, sai mai wasa da karnuka, sai 'yan barkwanci, kowa da mintocinsa. Manyan kamfanoni irin su Keith da Orpheum su ke riƙe da jerin gidajen wasa daga gari zuwa gari, wanda duk ya samu shiga jerinsu ya samu aikin shekara. Akwai dokokin da ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su. Ba a cika sa baƙaƙen fata fiye da ƙungiya ɗaya a wasan dare guda ba, kuma baƙar fata ba ya hawa dandamali shi kaɗai, sai dai su biyu. Dalilin a fili yake: wanda ya tsaya shi ɗaya a gaban jama'a, shi ke riƙe da ɗakin, shi ake saurare. Saboda haka daga 1902 Robinson ya haɗu da George W. Cooper suna wasa tare har wajen 1914, Cooper a matsayin mai hankali, shi kuma a matsayin wawa.

A 1908 wata rigima da wani tela ta kai shi kotu, aka tuhume shi da fashi da makami, aka yanke masa ɗaurin shekaru masu yawa. Da aka sake shari'ar sai shaidar masu ƙara ta rushe, aka sallame shi. Daga baya ya haɗu da Marty Forkins, Bature, wanda ya zama manajansa har ƙarshen rayuwarsa. Da taimakon Forkins ya karya dokar bibbiyu ya fara fitowa shi kaɗai, kuma ba tare da shafa baƙi a fuska ba, sanye da kwat mai tsada da hula a karkace. Masu zarginsa da rusunawa sukan tsallake wannan babin. Shekaru da yawa kafin ya sa rigar bara a fim, ya riga ya tsaya a dandamalin Palace na Niyok, ƙololuwar sana'ar, da fuskarsa ta ainihi da tufafin masu gida. Amma a lura da ta inda abin ya yiwu: sai da Bature ya tsaya masa. Darasin da rayuwa ta koya masa ke nan tun da wuri, cewa gwaninta kaɗai ba ta buɗe ƙofa, sai an haɗa da wanda zai yi maka magana a ɗakin da ba a barinka shiga.

To me ya kawo a rawar da babu shi a da? Kafin shi, gwanaye irin su King Rastus Brown da dukan tafin ƙafa suke taka ƙasa, jiki a ɗan duƙe, sauti mai nauyi. Robinson ya ɗaga rawar ya mai da ita kan gaban tafin ƙafa, diddige ba ya cika taɓa ƙasa. Jikinsa a miƙe, hannuwa ba sa yawan motsi, kamar mai yawon shan iska, yana yi yana jefa wa 'yan kallo barkwanci. Takalmansa masu ƙasan katako ne, ba ƙarfe ba, don haka sautin ya fi taushi da zaƙi. Takunsa ba su da yawa, ba su da sarƙaƙiya irin ta John Bubbles wanda ya zo daga baya ya shigo da bugun diddige da karya kiɗa a inda ba a zata ba. Ƙarfin Robinson tsabta ce. Kowane bugu yana fita shi kaɗai, ba ya hawa kan na kusa da shi, abin da ƙafar dama ta faɗa ta hagu za ta maimaita daidai, sannan ya rufe jimlar da ɗan juyi ya sake sabuwa. Wanda ya saba sauraron kalangu zai gane abin nan da nan, domin kunne ake sa wa rawar kafin ido, kuma ana iya bin zancen da take yi.

Rawar matakala da ya fara nunawa wajen 1918 ita ta fito da wannan baiwa fili. Matakala ce ƙarama da ake ɗauka a ajiye, hawa kaɗan ta gefe ɗaya, sauka ta ɗaya gefen. Kowane mataki da irin amonsa gwargwadon tsawonsa, fuskar matakin da inda ake takawa su ma amonsu daban, sai ya zamana yana da abin kiɗa mai muryoyi da yawa a ƙarƙashin ƙafa. Shi kansa yakan ce a mafarki ya samo ta, wai ya ga Sarkin Ingila zai ba shi lambar girma, sai ya hau matakalar gadon sarauta da rawa ya karɓa ya sauko da rawa. Labari ne mai daɗi, amma wasu sun yi rawa a kan matakala kafin shi, King Rastus Brown ma ya yi ta cewa tasa aka sace. Robinson ya nemi hukuma ta yi masa rajistar mallakarta, aka ƙi, sai ya koma gadinta da kansa, kuma kowa a sana'ar ya san ba a kwaikwayonta a inda labari zai kai masa.

Akwai wani lissafin shekaru da ya kamata mai kallon fina-finansa ya riƙe. Rawar da ake saurare ba ta da amfani a fim marar sauti, fim mai magana kuwa sai 1927 ya kankama. Robinson bai zama tauraron Broadway ba, wato cibiyar manyan gidajen wasa ta Niyok, sai a wasan Blackbirds of 1928, wanda aka nuna fiye da sau 500, lokacin yana da shekara 50. Wato shekarun ƙarfinsa duka, talatin ko fiye, sun tafi ba tare da kyamara ta kama su ba. Abin da ya rage mana dattijo ne. Kuma a daidai lokacin da fim ya samu murya, shi ne ya kashe vaudeville: a 1932 Palace ɗin kansa ya koma nuna fim, ga karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 tana rufe gidajen wasa. Wuraren da suka rage irin su Cotton Club a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a Niyok, baƙaƙen fata ke wasa, Turawa ke kallo, ba a barin baƙar fata ya zauna a teburi. Zuwansa Hollywood ba kwaɗayi kaɗai ba ne, kasuwar ce ta tashi ta koma can.

A nan gizo ke saƙa. Manyan kamfanonin fim suna son rawar baƙaƙen fata domin tana kawo kuɗi, amma suna tsoron Kudu, inda birane ke da nasu hukumomin tace fina-finai. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne Lloyd Binford na birnin Memphis, wanda ya shafe shekaru kusan talatin yana datse duk inda baƙar fata ya fito ba a matsayin bara ba, har ya taɓa hana wani fim a 1947 saboda an nuna yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya. Sai kamfanonin suka samo dabara: a ɗauki waƙa ko rawar baƙar fata a matsayin yanki mai zaman kansa da bai taɓa labarin ba, yadda almakashi zai cire shi ba tare da an ji ba. Haka aka yi ta yi wa mawaƙiya Lena Horne da 'yan'uwan nan biyu masu rawa, Fayard da Harold Nicholas. In kuwa ana son baƙar fata ya shiga cikin labarin ya yi magana, to sai a matsayin da Kudu ta yarda da shi, wato kuku, direba, mai raino, ko bara.

Ga kuma ƙa'idar da kamfanonin suka kafa wa kansu a 1930, wadda aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934. Ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari baro-baro. Ba abin mamaki ba ne, tunda jihohi da dama sun haramta irin wannan aure, jihar Robinson ta Virginia ma ta ƙara tsaurara tata dokar a 1924, ba a kuma soke ta ba sai 1967. A fim ɗin wancan zamani kuwa rawar mace da namiji ita ce soyayyar. Taurarin rawa Turawa Fred Astaire da Ginger Rogers ba sa bukatar su furta komai, da sun gama rawa kowa ya san an daidaita. Saboda haka ba yadda za a yi Robinson ya riƙe hannun baligar Baturiya, kuma ba kamfanin da zai gina fim mai tsada a kan masoya biyu baƙaƙe. Mafitar da Fox ya samu ita ce a cire duk abin da zai ba Bature tsoro: namijin ya zama tsoho, ya zama bara, macen kuma ta zama yarinya ƙarama wadda ita ce uwar ɗakinsa. Duk da wannan taka-tsantsan an ruwaito cewa a gidajen sinima na Kudu an datse inda suka riƙe hannu.

Dabarar ta ci kasuwa. Shirley Temple ce ta fi kowane ɗan fim jawo 'yan kallo a Amurka daga 1935 zuwa 1938, kuma fim huɗu suka yi tare. Shi ya koya mata rawar, ya sauƙaƙa takun yadda ƙafar yarinya za ta ɗauka, ita kuma har tsufanta tana ambatonsa da ƙauna. Ba ni da dalilin shakkar wannan ƙauna. Sai dai ba ta sauya komai a wajen kyamara ba, inda ita ke kwana a otal ɗin da shi ba a ba shi ɗaki.

Mafi ɗaci a cikin fina-finan huɗu shi ne The Littlest Rebel, shi ma na 1935. A nan bawa ne sosai, a gonar wani hafsan 'yan aware lokacin yaƙin basasa. Da yarinyar ta tambaye shi ma'anar 'yanta bayi da ake ta magana a kai, sai ya ce shi ma bai san me ake nufi ba. Daga baya ya yi rawa a titi tare da ita don su tara kuɗin jirgin ƙasa, su je wurin Shugaba Lincoln su roƙi a yafe wa ubangidansa. A tuna wanda aka sa wa wannan magana a baki: jikan baiwa, wanda ya tashi a hannunta a Richmond. Duk mai cewa fina-finan nan nishaɗi ne kawai bai kalle su da kyau ba. Sun koya wa miliyoyin yara Turawa cewa bauta zaman lafiya ce da 'yan Arewa suka zo suka ɓata, kuma murmushin Robinson na cikin abin da ya sa ƙaryar ta shiga. A kan wannan masu sukarsa suna da gaskiya, ba na rage musu ko kaɗan.

Inda nake rabuwa da su shi ne zaton cewa akwai wata tsabtatacciyar hanya da ya ƙi bi. A dubi Paul Robeson, mawaƙi kuma ɗan wasa baƙar fata, mai digirin lauya, mai muryar da ba ta da na biyu, wanda ya fi Robinson ilimi da sanin siyasa nesa ba kusa ba. Ya bar Amurka ya tafi Ingila neman fim mai mutunta baƙar fata. A wannan shekarar ta 1935 ya fito a Sanders of the River, labarin da aka kafa a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka, yana zaton za a nuna al'adun Afirka da daraja. Da aka gama haɗa fim ɗin sai ga shi sarkin gargajiya mai yi wa jami'in mulkin Turawa biyayya da kirari. Robeson ya yi tir da fim ɗin a fili, a 1942 ya bar fim gaba ɗaya, a 1950 kuma gwamnati ta ƙwace fasfonsa saboda ra'ayinsa. Wannan ita ce ɗaya hanyar, kuma ita ma sai da ta bi ta cikin rigar bara. Akwai ta uku, ƙananan fina-finan da ake yi don gidajen sinima na baƙaƙen fata, irin na Oscar Micheaux, masu ƙaramin jari da ƙaramar kasuwa. Robinson ya gwada ta a Harlem Is Heaven na 1932, kuma a can ne ake da cikakkiyar rawarsa ta matakala, shi kaɗai da mai fiyano, cikin kwat da hula, ba ubangida ba yarinya. Kaɗan ne suka gan shi a lokacin.

A wajen fim kuwa mutumin bai yi kama da baran da ake gani ba ko kusa. Mai zafin rai ne, yana yawo da libarba mai ruwan zinariya, yana ƙulla abota da 'yan sandan duk garin da ya sauka, wanda wasu ke gani fadanci, wasu ke gani dabarar tsira ta wanda ya taɓa ɗanɗana kurkuku a kan ƙarya. Ba ya shan giya ba ya shan taba, amma askirim da caca sun same shi. Kyauta kuma kamar ba ya son kuɗin: wasannin tara gudummawa ba iyaka, biyan kuɗin haya da jana'izar waɗanda ba su da shi. A 1933 ya ga yaran makarantar baƙaƙen fata suna tsallake wata mahaɗa mai haɗari a Richmond, hukuma ba ta damu ta sa danja ba, sai ya biya da kuɗinsa aka sa. A wurin aka kafa mutum-mutuminsa a 1973. Yana cikin masu ƙungiyar besbol ta New York Black Yankees, ya zama shugaban girmamawa na farko na ƙungiyar 'yan wasa baƙaƙen fata, Harlem kuma ta naɗa shi magajin garinta na girmamawa. Ba na kawo waɗannan don su wanke fina-finan ba. Danja ɗaya ba ta goge abin da miliyoyi suka kalla. Na kawo su ne don a ga cewa murmushin kayan aiki ne, kamar takalman katakon, yana sa shi yana cirewa.

Irin karramawar da Hollywood ta iya yi masa ma abin dubawa ce. A fim ɗin Swing Time na 1936 Fred Astaire ya yi wata doguwar rawa da sunan Bojangles don girmama shi, kuma ya yi ta ne da fuska shafe da baƙi, abin da shi Robinson ya ƙi yi a dandamali. Astaire ya samu fim sukutum da abokiyar rawa da labarin soyayya, wanda ake girmamawar kuma yana can yana buɗe wa yarinya ƙofa.

Dandamali ne ya ci gaba da ba shi abin da fim ya hana shi. A 1939 ya fito a matsayin sarki cikin tufafi masu ruwan zinariya a wasan The Hot Mikado, aka kai wasan babban baje kolin duniya na Niyok, kuma a bikin cikarsa shekara 61 ya bi titin Broadway da rawa mai nisan gaske jama'a na biye da shi. Jagorancin babban fim bai zo ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta. A 1942 Walter White na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya matsa wa shugabannin kamfanoni lamba su daina mai da baƙar fata bara, gwamnati kuma tana bukatar baƙaƙen fata a soja da masana'antu. Sai ga fina-finai biyu a 1943 da duk 'yan wasansu baƙaƙe ne, Cabin in the Sky da Stormy Weather. A na biyun Robinson ne jarumi, tsohon soja da ya zama ɗan rawa, yana neman Lena Horne. Yana da shekara 65, ita 26, soyayyar ba ta zauna ba. A wata fitowa an sa shi yana tsalle daga kan wata ganga zuwa wata a cikin Afirkar da Hollywood ta ƙaga da kwali da gashin tsuntsu. Kuma abin da kowa ke tunawa a fim ɗin ba nasa ba ne, na 'yan'uwa Nicholas ne, waɗanda suka sauko daga wata ƙatuwar matakala suna tsallake kan juna suna dira ƙafafu a wage. Matakalar da ya yi shekara 25 yana gadi, yaran da suka tashi suna kallonsa sun mai da ita wani abu da jikinsa ba zai iya ba. Fim ɗin ya fito a bazarar da aka yi tarzomar launin fata a Detroit da Harlem, kuma shi ne na ƙarshe da ya yi.

Ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 1949, da ciwon zuciya. An ƙiyasta ya samu fiye da dala miliyan 2 a rayuwarsa, amma bai bar abin binne shi ba, caca da kyauta sun cinye. Abokinsa Ed Sullivan, mai shirin talabijin, shi ya shirya jana'izar. An ajiye gawar a barikin runduna ta 369 a Harlem, dubun dubatar mutane suka bi layi, aka tashi makarantun unguwar da wuri don yara su tsaya a bakin hanya.

Rawar kanta ta shiga wani hali bayan haka. Manyan ƙungiyoyin kiɗa sun watse, gidajen rawa na rufewa, Broadway ta koma wani salo, gwanaye suka rasa aiki. Kwanaki kaɗan bayan jana'izar wasu abokan sana'arsa suka kafa ƙungiyar Copasetics don tunawa da shi, kuma su ne suka riƙe sana'ar a shekarun da ba mai saye. Cikinsu Cholly Atkins ya koma kamfanin waƙa na Motown yana koya wa Temptations da Supremes yadda ake motsi a dandamali. Honi Coles ya yi shekaru yana aikin gudanarwa a gidan wasa na Apollo, kafin ya dawo ya ci lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, a 1983 yana da shekara 72. A 1989 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a dokar da ta mai da ranar haihuwar Robinson ranar rawar tap ta ƙasa.

Jikokinsa a sana'a ma ba su daidaita a kansa ba. A 1996 ɗan rawa Savion Glover da darakta George C. Wolfe suka kai Broadway wasan Bring in 'da Noise, Bring in 'da Funk, tarihin baƙaƙen fata ta bakin ƙafa, a ciki kuwa akwai wani tsoho mai washe baki yana rawa da 'yar tsana mai nannaɗaɗɗen gashi, kowa ya san da wa ake. Dattawan sana'ar da suka san Robinson da ransa ba su ji daɗin abin ba. Shekara biyar bayan haka Gregory Hines, wanda shi ne ubangidan Glover a rawa, ya fito a matsayin Robinson a wani fim na talabijin, ya koyi rawar matakalar taku bayan taku daga hoton 1932, a ƙarshen fim ɗin aka jera nasa da na asalin gefe da gefe.